Abin da Ya Rage a Kan Ƙyalle

Jiya ina tace gasara, na kalli dusar da ta rage a kan ƙyallen, sai Baba ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mini aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti a Ƙanƙara.

Wata rana aka kawo ruwan da likita ya zuƙo daga huhun wani manomin Damari. Majina ta cika shi, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Baba ya tafi sallar azahar. Ni kuwa hannuna ya saba da tatar koko, sai na tace ruwan da bandeji, sannan na ƙirga ƙwayoyin da ke nuna ciwo. Suka fito 'yan kaɗan. Na rubuta haka, aka sallami mutumin da maganin tari.

Da Baba ya dawo, ya ɗago bandejin daga kwandon shara, ya daɗe yana kallonsa.

"'Yata, ai ga ciwon mutumin nan kin zubar," ya ce a hankali. "Ki ƙirga tukuna kafin ki taɓa. Ruwan huhu ba kamu ba ne."

Washegari ya hau babur har Damari neman manomin. Ya dawo bayan la'asar, laka har gwiwa, bai gaya mini ko ya same shi ba. Na kasa tambaya. Har ya koma ga Allah ban tambaya ba.

Allah Ya haskaka kabarin Baba. Manomin kuwa, in yana raye Allah Ya ba shi lafiya. In ya riga mu, Allah Ya sa ya yafe mini.