Wadda Ta Bi Ciwo Har Zauren Malam

Kafin masu lambun Danchadi su ɗaure injin ban-ruwa a bayan babur, Malama Binta ta riga ta share barandar ƙaramin asibitin garin, ta fito da benci, ta zauna jiran masu ciwon da ba shi da suna. Su ne mafi yawan baƙinta: mai ƙugu, mai wuya, mai gwiwar da ke ƙara kamar tsohon ƙyaure. Wani ya ce sanyi ne, wani ya rage murya ya ce jifa. Ita kuwa sai ta gama saurare, ta auna jini, sannan ta ce, "Tashi ka gwada min yadda kaka aiki." Haka dattijo zai duƙa gaban jama'a yana dashen albasar da babu ita, ana ƙunshe dariya. Daga nan aka laƙaba mata Binta Gwada-min, kuma ba ta taɓa jin haushi ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma gida Shagari. Hankalinmu a tashe yake, don ba mu san wanda za a kawo ba. Wanda ya ga abin da ya sami Malam Faruk zai gane dalilin fargabarmu.

Malam Faruk mahaddaci ne, mai makarantar allo, ya ɗaura niyyar rubuta Alƙur'ani da ka. Bai kai rabi ba wuya ya riƙe, kafaɗa ta ɗauka, yatsun dama suka soma mutuwa har alƙalami yana suɓuce masa. Mahaifinsa kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa. Matarsa Nana Hauwa ta iso asibiti ido jawur.

"Malama, ciwon baba nai na yad dawo," in ji ta. "Ba shi faɗi, amma ina ganin shi shina matsa hannun shina istigfari."

Binta ba ta yi wasa ba, ta tura shi Sakkwato. Aka duba shi tsaf, ba a ga abin tsoro ba, aka ce ya huta. Hutu fa aka ce! Malam ya dawo ya ninka zama, yana tsere da hannunsa, wai ya kammala kafin ya mutu masa gaba ɗaya. Ciwo ya ƙaru.

Abin ya tsaya wa Binta a rai. Malami irin wannan ba a ce masa tashi ka gwada a baranda. Sai ta nemi izini ta hannun Nana Hauwa, ranar da ba ta aiki ta shimfiɗa tabarma daga bakin zaure, ta zuba ido. Malam na kan buzu, takarda bisa gwiwa, kai a sunkuye har haɓa na neman ƙirji. Hantsi ya wuce bai motsa ba, sai goro da yake ɓantara. Aka kira azahar, ya miƙe da ƙyar ya nufi masallaci bai taɓa buta ba. Da ya dawo ta gaishe shi.

"Allah shi gafarta Malam, yaushe rabonku da ruwa?"

"Tun asuba," ya ce. "In na sha, hitsari ka matso ni, alwala ta tahi. Ni ko ba ni taɓa takardag ga ba tsarki."

Ga dalili ta gani ƙuru-ƙuru: jiki a naɗe wuni guda, babu ruwa, babu motsi. Amma wace ce ita da za ta yi wa mahaddaci maganar alwala? Idan ya ɗauka raini ne, ƙofa ta rufe, hannu kuma ya tafi. Ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Malam, ku kunka koya muna sabunta alwala ƙarin lada na. Mi za shi hana ku sha, ku tashi, ku sake wata?"

Malam ya murmusa. "Ke dai Binta ba ki da dama. Hauwa, kawo ruwa."

Ta sa kafinta Sodangi ya haɗa masa ɗan teburi mai jingine, takarda ta taso daidai ido. Ta ce duk shafi ya miƙe ya zaga gida, ya rage goro. Sauƙi bai zo da wuri ba. Makonni suka shuɗe yatsu na nan jiya i yau, Binta kuwa duk ta hango Nana Hauwa tafe sai ta shiga tunanin ko ta yi kuskure. Sai da aka cire albasa wuya ya saki. Har yau ƙaramin yatsansa yakan yi masa gardama.

Ke ce, Binta, mai bin ciwo har inda ya samo asali. Ke ce ba ki sallamar mutum da ƙwaya don ki huta. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya cikin jikokinki. Ku kuma da za ku gaji bencin nan, ku riƙa tambayar mutum yadda yake zama, da abin da yake sha, da abin da yake tsoro, kafin ku buɗe kwalbar allura.

Malam Faruk ya kammala rubutunsa bana. Duk wanda ya buɗe zai ga inda baƙaƙe suka karkace suna rawa a wajen Suratul Kahfi, ya ga kuma inda suka miƙe. An ba shi shawarar ya sake waɗannan shafuka, ya ƙi.

"A bas su," ya ce. "Wanda yat tambaya, a ce mai nan na Binta taz zo."