Bahago a Zauren Masu Ɗinkin Hula

Ɗazu na ga jikana yana zura zare a allura da hagu, sai zauren Malam Sani na Bebeji ya faɗo mini a rai, inda na zauna tun kafin a samu 'yancin kai.

Shan inna ya taɓa mini ƙafa, noma ya gagare ni, shi ya sa mahaifina ya kai ni koyon ɗinkin hula. Ga ni kuma bahago. Duk yadda na kwaikwayi hannun Malam sai ɗinkina ya karkace, 'yan zaure su yi ta dariya.

Ran nan na ajiye hular ina hawaye.

"Malam, a mayar da ni gida. Hannuna ba ya ji."

Ya ce, "Ɗana, hannunka lafiya lau. Tashi daga gefena, dawo gabana ka zauna."

Da na fuskance shi, sai damansa ya yi daidai da haguna, kamar ina duba madubi. Kafin la'asar na fitar da miƙaƙƙen layina na farko. Da sana'ar nan na riƙe iyalina.

Allah ya jiƙan Malam. Ku fa, wa ya taɓa gyara muku zama maimakon ya ce ba za ku iya ba?