Waken Dajin Yayana

A shekarun farin nan, ni da yayana muke noma gonar da mahaifinmu ya bar mana a Kademi. Shi ne babba, kuma tun tasowarmu ban taɓa jin ya ce bai san abu ba.

Wata damina wakenmu ya ƙone, amma a bakin wani kwari ya ga waken daji ya yi yaɗo shar. Ya dawo gida yana haki.

“Kakanninmu ragwaye ne,” in ji shi. “Ga iri Allah ya ajiye, sun tsaya renon mai laulayi.”

“Yaya, ka taɓa ganin wanda ya ci shi?” na tambaya.

“To, za ka gani bana.”

Ya yi ta rarrafe cikin ƙaya yana tsintar ƙwaya ɗai-ɗai, bai tambayi kansa dalilin da ya sa kullum a ƙasa yake samunta ba. Damina ta zagayo, ya shuke rabin gonar. Waken ya yi kyau kuwa. Duk ranar kasuwar Gaya sai ya tara mutane yana yi musu karatun noma.

Ranar roro ya gayyato maƙwabta su ga ikon Allah. Rana na take tsaka muka fara jin tas! tas! Kwanson ne ke tsagewa, ya murɗe, ya watsa ƙwaya. Wanda ka kai wa hannu ya fashe kafin ka tsinke. Wata ƙwayar ta sami yaya a fatar ido. Zabi da kurciyoyi ne suka yi mana girbin.

Ɗan abin da muka tara, matarsa ta dafa da kanwa tun hantsi har la’asar, yana nan kamar tsakuwa.

Daga baya na fahimci fashewar halin gado ce, da ita waken daji ke shuka kansa. Kakannin da yaya ya zaga, mai riƙe ƙwayarsa suka riƙa ajiyewa iri, har halin ya zauna.

Waken ya tsallaka gonakin maƙwabta, yana tsirowa duk damina, har wani ya rantse nasa ma ya koyi fashewa. Mai unguwa ya sa yaya ya bi gonakin kunya-kunya yana tumɓukewa. Yana tumɓuka yana gaya wa masu gonar cewa irin ba shi da laifi, ranar shekarar ce ta cika zafi.