Buji a Haɓar Zane

"Ku tsaida shi! Ku tsaida mutumen ga in gan shi da kyau!" Haka nic ce, ina nuna tele da ludayin hura.

Surukina yay yi dariya. "Inna, ba a tsaida wanga. Tsohon fim na, tun zamanin da tele ba ta da kala."

Shekarun baya na wanga abu, tun kahin in shiga karatun manya in iya danna maku rubutu a waya. Na zo Konni sunan jikata, bayan la'asar baƙi sun watse, anka kunna tele. Nasaranci suke yi, ban jin ko ɗaya, amma idona lahiya lau. Wani mutum na, talaka, ya tsinci hula a hanya. In ya aza ta a kai, duk abin da yac ce sai a yi. Illa dai da ya aza ta sai ya riƙa jin raɗa a bayanshi. Ya waiga, ba kowa. Yak kori mai dahwa mashi abinci. Raɗa ba ta daina ba. Yak kori abokinshi, yak kori ƙanenshi, har gari yay yi shiru kamar maƙabarta. Shi kaɗai zaune bisa kujera, yana ta waige. Daidai nan wuta ta ɗauke.

"To mi ya same shi?" nic ce.

"Sai wuta ta dawo, Inna."

Wuta ba ta dawo ba sai da anka wuce wurin. Ni kuwa hura ta hita raina, don na san mutumen ga. Zane yake ɗaurawa a garinmu, kuma ƙawata ta.

Bari in gaya maku. A hwadamar Badaguishiri muna da garkar mata, albasa muke yi da rani. Da can da guga da ƙwarya muke ban ruwa. Sai wani poroje na masu taimakon manoma yab ba mu motopom, injin ban ruwa, anka ce mu zaɓi perzidanti, wato shugaba. Ni da bakina nit tsaida ƙawata. Tun muna 'yan mata muke tallar gyaɗa tare, mace ta mai ƙoƙari, ba ta cin haƙƙin kowa. Shekarar hwarko ba wadda tay yi kuka da ita.

Daga baya wani yat tada injin ba da saninta ba, esansi, man da yake sha, ya ƙare. Sai tas sa anka nuna mata yadda ake kwance buji, ɗan ƙarhen nan da in babu shi inji bai tashi. Kullum in an gama ban ruwa ta kwance shi ta ƙulle a haɓar zane, inda take ƙulle goro. Munka ce madalla, tsari ya zo.

To daga nan na. Mai son ruwa sai ta bi ta gidanta da sahe ta durƙusa. Da "ina kwana, ƙawa" ake cewa, yanzu sai "ina kwana, Perzidanti". In mata biyu sunka haɗa kai wurin biki, gobe hwangalin albasarsu bai ganin ruwa, wai suna ƙulla yadda za su tuɓe ta. Tas samu masu kai mata labari, in ba su samu ba su ƙago, don su ma albasarsu na son ruwa. Har mai amalanken da ke ɗauko injin daga ɗaki zuwa bakin rijiya tak kora, wai ya cika gaishe da mutane a kasuwa. Sai mata huɗu su ɗauko shi da hannu.

Kahin in taho Konni ta hana ma wata yarinya bazawara ruwa, maƙwabciyata a garka, mai marayu a gida. Laihinta, ta yi dariya lokacin da Perzidanti ke wucewa. Ga shi ba ta daɗe da dashe ba. Wanda ya san albasa ya san sabon dashe bai jure ƙishirwa. In ya mutu, abincin yaran nan na bazara ya mutu.

Da gari ya waye nic ce ma ɗiyata gida za ni. Tac ce, "Inna, ko naman suna ba ki gama ci ba." Nic ce ta ƙulle mani a leda.

Ban ko aje ƙunshina ba, gidan ƙawata niw wuce. Na iske ta bisa tabarma, hannunta ɗaya dahe da ƙullin nan.

"Ƙawa, ba yarinyar ga ruwa."

"Wa ya aiko ki?"

"Ƙahwahuna sunka aiko ni."

"Na ji labari. Konni kit tahi, wurin masu poroje. Kujerar kike so."

"Ke, suna nit tahi! Wace kujera? Tabarma ta kike kai, ita ma ta yage."

Ba ta yi dariya ba. Nan nis san abin ya yi nisa, don matar ga da ko tari niy yi sai ta yi dariya. Tac ce, "Ke ma daga yau babu ruwa."

Nic ce, "To."

Na koma gida na shiga rumbu na lalubo tsohon gugana. Ɓeraye sun ci igiya, nik kwance ta akuya. Da sahe na je rijiyar da munka bari tun zuwan inji, na kira bazawarar nan. "Ɗauko ƙwarya. Uwarki da mi ta yi albasa?"

Kada ku ɗauka abin ya yi kyan gani. Guga na hwarko da nij jawo, bayana yay yi ƙara, igiya tak kuɓuce, niz zauna daɓas cikin taɓo. Matan da ke jiran layin inji sunka yi ta ƙunshe dariya cikin mayahi, dariyar ma tsoronta suke. Nit tashi nic ce, "Ku yi da ƙarhi, ni ba ni da bujin da zan hana ku." Hannuna ya yi ƙanta, ta hwashe, na naɗe da tsumma. Ni ina ja, yarinyar na watsawa, har rana ta take. Dashen da ya kwanta, zuwa marece ya ɗaga kai.

Washegari wasu mata da anka daɗe da hana ma ruwa sunka zo da gugansu. Ban kira taro ba, ban zagi kowa ba. Abu guda nic ce: duk wadda taz zo, a gama nata a shiga na ta kusa da ita, kamar gayya. Kwana na tahiya, mata na ƙaruwa. Har masu kai labari sunka zo, wai kallo. Nim miƙa ma ɗaya ƙwarya. "Riƙe, ki samu abin hwaɗi da yawa."

Ranar da abin ya kai ƙarshe, ba a samu mata huɗun ɗaukar inji ba. Ƙawata ta buɗe ɗaki, ta ja shi ita kaɗai, ko motsi bai yi ba. Ga buji a zane, ga esansi, ga albasarta ta yi laushi tana kwance. Taz zauna bakin hwangalinta, in munka yi magana ta waigo, in munka yi shiru ta waigo. Wallahi sak mutumen tele. Har yau in na tuna waigen nan tausayi nike ji, ba hushi ba. Mu munka miƙa mata abin, mu munka riƙa durƙusawa.

Nic cika ƙwarya nin nuhi hwangalinta. Bazawarar tac ce, "Inna, har ita?"

"Albasar ta yi maki wani abu?"

Na watsa, na koma, na ƙaro. Ƙawata na kallona. Can tac ce, "Mi kuke cewa a kaina can?"

"Ke? Wa ke da lokacinki? Ciwon baya muke kuka."

Sai niz zauna kusa da ita, don dama ƙahwahuna sun gaji, nib ba ta labarin mai hula tun daga tsintuwa har sanda ya rage shi kaɗai.

"To mi ya same shi?"

"Oho. Wuta ta ɗauke."

"Ke dai tsohuwar banza ta. Ki ɗauko labari ba ƙarshe?"

"Ƙarshen na haɓar zanenki."

Tad dubi haɓar zanen. Sannan tak kama ƙullin. Ya ƙi kwantuwa, tsabar ɗaurin da ta yi mashi, sai da ta sa haƙori. Zanen duk ya yi baƙin mai a wurin. Tam miƙo mani.

Nim mai da hannuwana baya. "A'a. Ni ma kunnuwa biyu gare ni, zan hwara jin raɗa. A ɗaura shi cikin injin, ya kwana can."

Mata sunka ɗauko inji, bazawarar tad ɗaura buji. Anka ja igiya, shiru. Anka sake, shiru. Anka kwanto bujin, ashe garin goro ya toshe bakinshi. Ƙawata tak karɓa, tag goge da zanen nata, tah hura, tam miƙa ma yarinyar ba tare da ta dubi huskarta ba. Tac ce, "A hwara da naki."

Anka mai da buji, inji yat tashi. Ba wadda ta riƙe tiyon ruwa, kuma ni ke tsaye a gabanshi, sai nij jiƙe sharkaf.