Yadda Dogon Bayani Ya Gajarta Magana

Ƙanina bai iya gajarta magana ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga shagon da ya sayi agogon. Mahaifiyarmu takan ce in an aike shi, a tura wani a bayansa ya kawo amsar. A gida Auta muke ce masa. A wurin aiki Dogon Bayani suke kiransa, a gabansa, yana amsawa. In ka nuna ka ƙosa, sai ya ce mai sauri ya je ya tambayi wani.

Aikinsa kula da aikin wasu ne. Kamfaninsu yana haɗa wa shaguna manhajar kwamfuta, amma ba shi ke haɗawa ba. Nasa shi ne ya zauna da mai ba da kwangila ya ji abin da yake so, ya tsara aikin daga farko har ƙarshe, wa zai yi me, yaushe za a gama, sannan ya bi mutane da tuni. A haka gemunsa ya yi fari. Ya aurar da 'yarsa ta fari, biyu suna makaranta.

Sai aka zo da sabon tsari, ajayil suke ce masa. Ya yi mini bayaninsa a falona har abincin da na zuba masa ya huce. Abin da na tsinta shi ne, an daina tsara aiki gaba ɗaya. Yanka shi ake yi zango-zango, kowane zango mako biyu. Ana rubuta ayyukan a ƙananan takardu masu launi a manna a bango. Kowace safiya ma'aikata su taru a gaban bangon, kowa ya amsa tambaya uku: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya. A tsaye ake taron, don kada kowa ya samu wurin baje kolin surutu. Na ce masa ai kai aka yi wa wannan doka. Ya yi dariya ya ce ya sani.

Abin da bai yi wa dariya ba shi ne, a sabon tsarin an ce ma'aikata su za su riƙa tafiyar da kansu. Sa'o'insa biyu masu irin aikinsa an riga an sallame su, da cewa sun kasa sabawa. Shi kaɗai ya rage mai furfura a benen kamfanin.

Auta yana da ciwon suga. A daidai lokacin wani sabon takalmi ya ci masa tafin ƙafar hagu, wurin ya zama miki, ya ƙi warkewa. Likita ya ce ya daina ɗora wa ƙafar nauyi, ya zauna, ya miƙe ta a kan wani abu, ya bar rufaffen takalmi.

A ofis kuwa an kwashe kujerun ɗakin taro, an jibge su a lungun bene, wata a kan wata. Mai jagorantar taron wata yarinya ce sa'ar 'yarsa, da kamfani ya tura ta koyo tsarin. Suna ce mata Mai Agogo, don da wayarta take auna wa kowa lokacinsa. Ba muguwa ba ce. A makon farko ta lura yana ɗingishi, ta tambaye shi a gaban kowa, shugaban kamfani yana tsaye bakin ƙofa:

"Baba, a kawo maka kujera?"

"Kujera ta tsofaffi ce, 'yata. In kin ga tsoho a nan ki kai masa."

Aka yi dariya. Ba ta sake tambaya ba.

Da taro ɗaya ne da sauƙi. Amma ayyukan waɗanda aka sallama a kansa suka dawo, sai ya fita daga wannan taro ya shiga wancan, bayan nan ya tsaya a bango yana matsar da takardu. Da farko wayar yarinyar takan yi ƙara yana kan labarin jiya bai ko kai rabi ba, samari suna ƙifta wa juna ido. Da mikin ya ci ciki, zazzaɓi ya fara, ƙafar tana bugawa a cikin takalmi, sai maganarsa ta soma raguwa. Jiya na yi kaza. Yau zan yi kaza. In an zo tambaya ta uku ya ce babu.

Su kuwa sai suka ɗauka tsari ne ya yi aiki. Ranar da ya gama kafin wayar ta yi ƙara, tafi aka yi masa. Shugaban ya riƙa nuna shi ga baƙi, yana cewa in Dogon Bayani ya koya, babu wanda ba zai koya ba. Har hotonsa suka ɗauka a gaban bangon, ya dafa shi da hannu ɗaya. Na ga hoton. Kowa ya ɗauka takarda yake nunawa.

Matarsa ce ta zo ta gaya mini. Ta ce in ya dawo sai ta jiƙa safar da ruwan ɗumi kafin ta rabu da naman, kuma turaren da yake fesawa da safe ba na ado ba ne. Ta yi magana har ta gaji. Na je na same shi a falo, ƙafar a kan bokiti kife. Na ce ya zaɓa, ƙafa ko aiki, kuma yaran da yake fama dominsu sun fi son uba a kan kuɗin makaranta.

"Yaya, bari a gama wannan zangon."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na jira sauran, babu. Ban taɓa jin Auta ya amsa mini da magana ɗaya ba tun da ya fara magana, kuma abin ya fi warin mikin tayar mini da hankali.

A tsohon tsari aiki yana da ranar gamawa, ya miƙa shi ya ɗauki hutu. Wannan kuwa zango yana ƙarewa yau, gobe wani ya fara. Duk lokacin da na koma, amsar ɗaya ce.

Wata safiya ya faɗi a tsakiyar taro, ya zubo da takardun bangon a kansa. A asibiti aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, daga baya aka ƙara sama. Shugaban ya aiko da saƙon cewa aikinsa yana nan, yana iya yi daga gida, a zaune. Bai koma ba. Ciwon ya riga ya shiga jini, a gadon nan ya rasu.

Kafin nan Mai Agogo ta zo duba shi, ina wurin. Kuka take yi, tana cewa babu inda tsarin ya ce marar lafiya ya tsaya dole, kuma tambaya ta ukun don irin wannan aka yi ta. Ya ce ya sani, ba ita ta hana shi amsawa ba. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ɗauko labari tun daga ranar da ya fara aiki, ya bi ta kan takalmin da wanda ya sayar masa, har nas ta leƙo ta ce lokacin baƙi ya wuce. Yarinyar ba ta ko dubi wayarta ba. Da ta miƙe za ta tafi ya tsayar da ita.

"'Yata, ki gaya musu su sauko da kujera ɗaya daga lungun nan, su ajiye ta a gaban bangon, kada a tambayi wanda ya zauna dalili. In kuma kuka ga mai surutu ya yi shiru, kada ku yi masa tafi. Ku kashe agogon, ku sake tambayarsa."