Gyaran Darasi na Arba'in da Ɗaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne komawarmu. A safiyar Talata, sha huɗu ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autanmu, bayan jinyar kwana biyu. Ɗalibaina masu sauraron darussan addini da nake gabatarwa ta intanet ba su san fuskarsa ba, ba su ma san muryarsa ba, alhali babu kalmar da ta isa kunnensu sai da ta bi ta hannunsa.

Auta, kai ka mayar da ɗakin ajiyar gidanka wurin ɗaukar sauti. Ka lulluɓe bango da tsofaffin barguna, ka toshe ƙasan ƙofa da tawul, ka ɗaure makirufo a jikin ƙarfen labule. Da mun shiga sai ka kashe fanka, duniya ta ja da baya, har nakan ji kamar a ƙarƙashin ruwa nake karantarwa. Kakan ce tari da gyaran muryar da ka yayyanke daga maganata sun isa a haɗa shiri guda, kuma zai fi darasin samun masu sauraro. Nakan haɗe rai. Sai yanzu nake yin dariyar da na hana ka gani.

A darasi na arba'in da ɗaya na jingina wata magana ga malamin da bai faɗe ta ba. Kai ka gano, mako guda bayan an ɗora shi, domin ashe kana bin littafin da nake karantarwa da ido. Na ce ka yanke wurin a hankali, mu ɗauki gyara ka liƙa, ba mai jin ɗinkin. Ka iya, na sha ganin ka haɗa rabin jimlar jiya da rabin ta yau. Amma sai ka zare abin kunnenka ka ce: "Yaya, waɗanda suka riga suka sauke fa? Yana nan cikin wayoyinsu, suna koya wa 'ya'yansu. Ki faɗa da bakinki a farkon darasi na gaba."

Na ce maka shekara ashirin ina karantarwa, ba mai danna maɓallai ne zai koya mini riƙon amana ba. Na ɗauki jakata na fita. Kwana tara ban neme ka ba. A na goma aka kira ni asibiti, na tarar ba ka gane kowa.

Tun daga ranar nake tuhumar kaina: ilimin nake karewa, ko sunana? Na daɗe ina gargaɗin mata a kan riya, ashe tana zaune kusa da ni a gaban makirufo.

Jiya da hantsi matarka ta buɗe mini ɗakin. A kwamfutarka na tarar da ɗan shirun nan na rabin minti da kakan ɗauka kafin kowane darasi, don cike gurbin abin da ka yanke. Na saka abin kunnenka na saurara. Ba komai a ciki sai wata mota can nesa, da kujera da ta ɗan motsa, da numfashin mutum biyu. Na kasa bambance nawa da naka. Na daɗe a zaune, ƙura tana yawo cikin hasken da ya ratso ta gefen bargo, har na ji kamar za ka ɗaga yatsa ka ce in fara.

Sai na fara. Na ambaci kuskurena, na ambaci wanda ya gano shi, na faɗi abin da na mayar masa. Muryata ta karye sau biyu, na yi tari, kuma haka zai fita, domin mai yankewa ya tafi. Duk wadda ta sauke darasin nan na arba'in da ɗaya, ina roƙonta ta saurari gyaran, ta isar da shi ga wanda ta koya wa, ta kuma sa ƙanena a addu'a.

Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya kowane harafin da ya tace ya zame masa sadaka mai gudana. Yafiyar da ban nema a wurinsa ba, Ka haɗa mu a Aljanna in nema. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'yansa uku. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.