Kwalbar da Inna Tsahara Ta Ƙi Cikawa

Kafin rana ta ɗaga, Inna Tsahara ta riga ta ɗora tukunya. A zauren gidanta da ke unguwar Zariya, nan cikin Maradi, za ka same ta ta jera sassaƙen maɗaci da na marke a faifai, ta murje ganyen sabara, ta zauna bisa 'yar kujerarta tana fifita wuta. Maganin basir take dafawa, sana'ar da ta gada wajen mahaifiyarta a Tsibiri, kuma bana shekararta arba'in da ɗaya a kanta. Ba ta da lasifika, ba ta taɓa bin kasuwa tana cika wa mutane kunne ba. Mata ne ke zuwa da ƙafarsu, kowace da kwalbarta ɓoye cikin hijabi, su tsuguna su yi ta kame-kame. Ita kuwa ba ta da haƙurin kame-kame.

"Hwaɗa mini, ɗiyata," haka take ce musu. "Ba kanki aka hwara zagayawa ba. Jini ne ko ƙaiƙayi?"

Sai a yi dariya, kunya ta kau, magana ta fito. Abin da mace ba za ta iya gaya wa mijinta ba, balle likita namiji, a zauren nan take sauke shi.

Ƙarshen watan nan Inna za ta sauke tukunyar ke nan. Gwiwoyi sun ƙi, idanu sun fara hazo. Shi ya sa na ga ya dace a jinjina mata tun tana ji da kunnenta. Kwalaben da ta cika Allah kaɗai Ya san yawansu, amma ni labarin guda ɗaya zan bayar, wadda ta ƙi cikawa.

Kwalbar koriya ce, da ɗan tsumma ɗaure a wuyanta. Ta Rabi ce, aminiyar Inna tun suna 'yan mata a Tsibiri. Aure ya kai Rabi wata unguwa a bakin gari, ta wajen hanyar Jiratawa, bayan wata masana'anta da ake narka tsofaffin batura da robobi. Mutanen unguwar "luzin" kawai suke ce wa masana'antar. Shekara biyu cur Rabi na zuwa da kwalbar nan duk Juma'a, tana kukan jini da murɗar ciki, tana ramewa a hankali. Wata rana ta ce, "Tsahara, ko in tahi asibiti?"

"Asibiti? Su yanka ki a banza?" in ji Inna. "Basir ne ya yi zurhi. Sha ki ƙara, ni na san abina."

Rabi ta yarda, don ba ta taɓa kama aminiyarta da ƙarya ba. Sa'ad da 'ya'yanta suka ɗauke ta ranga-ranga suka kai ta babban asibiti, likitoci suka ce sankarar hanji ce, ta riga ta bazu. Ba ta ga kakar shekarar ba.

Tun daga nan kan Inna ya ɗaure, kuma in gaskiya za a faɗa, har yau bai kwance ba.

Hancinta ne ya fara tayar mata da hankali. Akwai wani ƙauri da ke jikin hijabin Rabi, irin na takalmin roba in ya faɗa wuta. Ta sha tsokanarta a kansa: "Ke kullum sai ka ce daga murhu aka ciro ki!" To bayan rasuwar sai ta lura tana jin ƙaurin nan jikin wasu matan. Matan Jiratawa warin albasa da danshin garka suke shigowa da shi, su sha kwalba ɗaya ko biyu, sai dai su dawo godiya. Matan Tsibiri ƙamshin hayaƙin kara. Masu ƙaurin roba kuwa duk daga bayan luzin suke. Da a ce dukansu ba sa warkewa, da ta huta, ta ce ta gano. Ina! Yawancinsu warkewa suke sarai. Amma akwai uku ko huɗu da suka yi ta dawowa, zanensu na ƙara yi musu yawa, sai ka ce Rabi ce ta sake shigowa zauren.

Ta zargi tukunya, ta sake sabuwa. Ta zargi mai kawo mata sassaƙe, ta tafi Tsibiri da kanta ta saro. Ta ce ko sammu aka yi wa hannunta, ta sa aka yi mata saukar Alƙur'ani. Ba abin da ya canja. Ƙarshe ta yi abin da ba wanda ya zata: ta yafa mayafi ta nufi likitar unguwa, wato ƙaramin asibitinsu, wajen majo Sha'ibu, babban ma'aikacin jinyar wurin, mutumin da suka shekara goma ba sa ga maciji, don shi ke kiran maganinta ruwan ɗaci.

"Majo, ba hwaɗa ya kawo ni ba," in ji ta. "Hayaƙi ta hanci yaka shiga. Ƙirji ya kamata shi kama. To mi ya kai shi hanji?"

Majo ya aje biro ya dube ta. Ya ce a wasu ƙasashe an yi bincike, an ga alamar mutanen da ke zaune kusa da irin waɗannan masana'antu sun fi faɗawa wannan ciwo. Ya ce ƙurar da ke cikin hayaƙi ba shaƙarta kaɗai ake yi ba, tana sauka kan garin da aka shanya, da randa, da tuwon da aka bari a buɗe, mutum ya haɗiye.

"To shi ne ke nan!"

"Ban ce ba, Inna. Ciwon nan yana bin jini a wasu gidaje. Abinci ma na da hannu, shekaru ma haka. A nan ba wanda ya auna iskar unguwar, ba wanda ya bi diddigin masu ciwon."

"Kai da ka yi lakwal, ka yi boko har Yamai, ba ka sani ba?"

"Ban sani ba."

Ta fito da ruɗanin da ya fi wanda ta shiga da shi. Abu ɗaya ta tsinta ta ƙulle a bakin zane: majo ya ce in aka kama ciwon da wuri, ana yanke wurin mutum ya rayu.

Ba a yi wata biyar ba, ran wata Juma'a da hantsi, sai ga sallama. Kafin Inna ta ɗaga kai, ƙaurin ya riga ya iso. Zalihatu ce, ɗiyar Rabi ta fari, mai 'ya'ya huɗu, wadda ke aure nan layin gidan uwarta. Ta tsuguna, ta sa hannu cikin hijabi, ta fito da koriyar kwalba mai tsumma a wuya.

"Inna, abin Mama ne ya taso mini. Wata uku ke nan ina ganin jini."

Matan da ke zauren ranar sun ce ludayin yana hannun Inna, cike, har ta miƙa. Sai ta janye hannun. Ta mayar da maganin cikin tukunya, ta karɓi kwalbar ta rataye ta a ƙusa.

"Ba ni ba ki."

"Inna, mi na yi?"

"Ba ki yi komi ba. Tashi mu tahi wajen majo."

Zalihatu ta fashe da kuka, ta ce ko ta so, mai gida ba zai bari ba. Mijinta Idirisa a luzin yake aiki, nan yake samo abin da suke ci, kuma ya riga ya ji ana raɗe-raɗin wata tsohuwa na ɓata wa wurin suna. Inna ta miƙe. Ta kashe wuta, ta sallami sauran matan, ta tari adaidaita suka tafi tare.

Sun same shi ƙofar gida bayan azahar, cikin maƙwabta, a ƙarƙashin dalbejiya. Ya gaishe ta da ladabi, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Inna, shekarata tara cikin hayaƙin nan, ni ke zuba batir a wuta da hannuna. Dube ni. Ko tari ba ni yi. Ita da ke cikin ɗaka ce zai kama ya bar ni? In ma gado ne daga uwarta, mi ya haɗa shi da luzin? Basir ne, kowa na yin shi. Ki ba ta magani kamar yadda kika saba."

Maƙwabta suka gyaɗa kai. Tambayoyin da ya jero su ne dai ke cin Inna wata da watanni. Ta dubi bututun luzin yana tuttuɗo baƙin hayaƙi bisa rufin gidaje, ta dubi Idirisa, ƙato lafiyayye. Wallahi a lokacin ita kanta ta ji ko dai tsufa ne ya fara taɓa mata kai.

Sai ta faɗi abin da ta tabbatar da shi kaɗai.

"Idirisa, ko hayaƙi ne, ko gado ne, ko mi ne, ban sani ba. Majo ma bai sani ba. Ga abin da na sani. Rabi ta ce mini za ta asibiti, ni na hana ta. Ni, da bakin nan nawa. Shekara biyu ina ɗura mata ruwan sassaƙe ciwo na cin ta. Maganina bai yi mata komi ba sai ɓata lokaci. Ku ji da kyau, ku kai gaba in kun so. Na binne uwar, ba ni binne ɗiyar da hannu guda."

Mai magani ta tsaya gaban maza, a unguwar masu sayen maganinta, tana cewa maganinta bai yi ba! Sunan da uwarta ta bar mata, wanda ta shekara talatin da biyar tana tattali, ta aje shi nan ƙasa gaban kowa. Idirisa ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, Zalihatu ya duba, ya ce ta shiga ta ɗauko mayafinta.

Majo ya rubuta musu takarda zuwa babban asibiti, daga can aka tura su Yamai. Inna ta bi su, da gwiwoyinta da komi. Aka zura 'yar kamara aka duba, aka ga tsiro a hanji, irin na Rabi, amma bai kai ga bazuwa ba. Aka yi aiki aka yanke. Yau shekara shida ke nan.

Kada wani ya zaci daga nan gari ya tashi yana tafa mata. Labarin abin da ta faɗa ya zaga, mata da yawa suka koma wajen masu lasifika. Ita kuma ta kafa doka a zaurenta: duk wadda ta sha kwalba ɗaya jini bai tsaya ba, ko take ramewa, ko cikinta ya canja hali, ba ta da ta biyu sai ta je wajen majo, ko daga wace unguwa take. Wasu sun je an duba an ce basir ne kawai, suka dawo suka zazzage mata rashin mutunci kan wahalar da ta sa su. Ta shanye. Wasu biyu an kama nasu da wuri. Ɗaya an makara. Ta bi matan unguwar gida-gida tana cewa su rufe randa, su daina shanya gari ran da iska ta juyo da hayaƙi, tana faɗa tana ƙarawa da, "Ban ce shi ne ba hwa, amma ku ruhe." Ta shiga cikin matan da suka kai kuka ga hukuma a zo a auna iskar. An karɓe su da fara'a, an ce za a duba. Idirisa na nan yana aikinsa, lafiyarsa ƙalau, abin da har gobe in ta tuna sai ta riƙe haɓa.

Inna Tsahara, ke ce mai tukunyar da ta san iyakarta. Ke ce kika ce "ban sani ba" a sana'ar da kowa ke rantsuwa ya sani. Ba ki warware mana zancen hayaƙin ba, mu ma da muke rubutu ba mu warware ba, waɗanda ke da na'urar aunawa su ya kamata su ji kunya su zo su yi aikinsu. Amma ba ki jira sai kin gane ba kafin ki kama hannun ɗiyar Rabi. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Masu tukwane irin taki, maza da mata, daga Tsibiri har Jiratawa, don Allah ku yi koyi: jinin da ya ƙi tsayawa ku tura shi asibiti. Mu kuma masu ɓoye kwalba cikin riga, mu rage kunyar nan.

Shekaranjiya na je yi mata bangajiya, na tarar da Zalihatu a zauren, ta yi ƙiba har da kumatu, tana taya ta kwashe faya-fayai. Da suka zo kan ƙusar nan, Zalihatu ta miƙa hannu.

"Inna, tunda za ki bar aiki, ba ni kwalbar Mama in tahi da ita."

Inna ta dubi kwalbar. Ƙura ta rufe ta, tsumman wuyanta ya koɗe.

"Bar ta nan," in ji ta. "Duk sahiya ita nika hwara gani. In gan ta wayam, in tuna kina gidanki kina hwaɗa da 'ya'yanki, sannan in iya karya kumallo."

Zalihatu ta janye hannunta, ta ci gaba da kwashe faya-fayan.